Kafin a Buɗe Tukunyar Awa De, a Karanto Mana Lissafi

Shekara uku ina riƙe da littafin kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai ta wata makarantar gwamnati a Aboabo, nan Kumasi. Littafin ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Irin na rubutun aji ne, bangonsa duk ya sha manja da zufa, don a jakar kasuwata yake kwana tare da almakashi da ragowar ƙyallen atamfa. Makon jiya na miƙa shi ga wadda ta gaje ni. Tun ranar nake son in yi wa 'yan'uwana iyayen zango magana a kan yadda muke rufe shekarar karatu. Da shinkafa da kiɗa da hoto muke rufe ta. Ni kuwa a ganina da lissafi ya kamata a rufe, a karanto shi da ƙarfi a gaban kowa, cikin harshen da uwar da ta biya kuɗin take ji, tun ba a buɗe tukunya ko ɗaya ba.

Wanda bai tashi a Gana ba sai ya ce mene ne kuma Awa De. Ranar ƙarshe ce ta zangon karatu, ranar yara. Babu yunifom, kowa ya ɗauko kayan Sallarsa, a cika masa kwando da jalof da cinyar kaza da biskit da kwalbar minaral, a ƙulla wa ticha ɗan abin hasafi. Na zango na uku shi ne uban tafiya, don a nan ake haɗawa da yaye 'yan ajin reno, a sa musu doguwar riga da hula mai kusurwa huɗu kamar waɗanda suka gama jami'ar Legon, alhali rabinsu ba su iya ɗaura igiyar takalmi ba. Sai rumfuna, sai kujerun roba na haya, sai mai kiɗa da lasifikarsa, sai mai hoto. Ba gaba nake yi da wannan rana ba. Autata takan fara lissafin kwanakinta tun wata guda kafin ta zo, kuma yaron da ya shekara yana zama su uku a benci ɗaya ya cancanci yini guda na murna. Abin da ke damuna shi ne mu manya mun ƙwace ranar, mun mai da ita labulen da muke ɓuya a bayansa.

A shekarata ta farko, zama uku kwamitinmu ya yi a watan Yuli. Na farko a kan launin ankon iyaye mata. Na biyu a kan wanda za a ɗora a kujerar babban baƙo, da ko za a gayyaci ɗan majalisar unguwa. Na uku a kan buhun shinkafa nawa zai isa. Ko sau ɗaya ba a ce in buɗe littafina ba. Ni ma ban ce a buɗe ba.

Kafin in faɗi abin da ya biyo baya, ya kamata a san nauyin wannan ɗan kuɗi da muke tarawa. Tsarin mulkin 1992, a sashe na 25, ya ce ilimin matakin farko kyauta ne kuma tilas. A 2005 gwamnati ta soke kuɗin makaranta ta kawo tallafin da ake biya bisa kan kowane ɗalibi, tsofaffin sidi 30,000 a shekara, wato sidi 3 bayan canjin kuɗin 2007. Daga baya an yi ta ƙara shi a hankali. Duk wanda ya taɓa zama da shugaban makarantar gwamnati ya san kukan: ga shi ɗan kaɗan, ga shi ba ya zuwa a kan kari. Amma kwanon rufi ba ya jiran Ankara, babban birnin Gana, ta saki kuɗi kafin ya fara yoyo, mai gadi ba ya cin alkawari, masai kuma in ya cika ya cika. Makarantu irin namu suna da ƙarin kaya. Da yawansu makarantun allo da na Arabiyya ne da kakanninmu suka kafa a zaure, suka shiga ƙarƙashin sashen ilimin Musulunci da aka kafa a 1987, aka turo musu malaman boko. A tamu, malaman Arabiyya biyu ba sa cikin albashin gwamnati, abin da iyaye suka tara shi ne cefanensu. To ka ga sidi biyar ɗin mai sayar da ƙosai ba sadakar nafila ba ce. Da ita makarantar take numfashi.

Ita kanta ƙungiyar ta sha juyi a hannun hukuma. Bayan gwamnatin Akufo-Addo ta fara karatun babbar sakandare kyauta a Satumbar 2017, aka taka wa karɓar kuɗin PTA, wato ƙungiyar iyaye da malamai, birki, daga baya aka mai da ita ƙungiyar iyaye zalla, malamai suka koma gefe. A Yulin 2025 Shugaba Mahama ya ba da umarni a maido da PTA a makarantun da ke ƙasa da jami'a. A majalisun shayi na Asawase an yi ta musu a kai, kowa na kare jam'iyyarsa. Ni ban shiga ba. Abin da na tambayi kaina shi ne: me ya sa lokacin da aka danne ƙungiyar iyaye da yawa suka yi hamdala? Ba don ba sa son makarantar 'ya'yansu ba. Don sun shekara da shekaru suna biya ba sa ganin inda kuɗin ya shiga. Idan aka maido da suna ba a maido da amana ba, wata gwamnati za ta sake dannewa, kuma iyayen nan za su sake yin hamdala.

Ranar taron ƙarshen shekarata ta farko, an kwana ana ruwa, filin makaranta duk caɓi, muka jera bencina a baranda. Hedimasta ya yi jawabi da Turanci, ya ɗan taɓa Tuwi. Ciyaman ɗinmu, wani Alhaji dattijon kirki, ya miƙe ya ce alhamdu lillahi kuɗi sun shigo, an yi ayyuka, Allah ya saka wa kowa da alheri. Har mai kiɗa ya fara gwada lasifika sai wata tsohuwa mai sayar da koko, wadda ke riƙon jikoki uku, ta dafa bango ta tashi.

"Alhaji, a gafarce ni, ni ban yi boko ba. Sidi ashirin-ashirin da aka karɓa na kwanon aji huɗu, ina kwanon? Jiya jikana da jiƙaƙƙen littafi ya dawo gida."

Wuri ya yi tsit. Alhaji ya gyara zaman hularsa ya ce, "Mma, ki yi haƙuri, ana nan ana ƙoƙari." Sai ya juyo wajena. "Hajiya ma'aji, ko ba haka ba?"

Na ce haka ne, Alhaji. Idona na kan tabarmar ƙafata.

Gaskiyar magana, babu wanda ya saci kuɗin nan, kuma wannan shi ya fi ba ni tsoro. An ranci wani kaso an biya hayar rumfa da kujeru, da niyyar a mayar. An ba kafinta wani kaso na somin-taɓi, hannu da hannu a bakin masallaci, ba takarda. Sauran kuma yana cikin MoMo ɗina, wato asusun kuɗi na waya, lambar da nake karɓar kuɗin atamfa da ita, ya cakuɗe da jarina. In kwastoma ta turo ya hau, in na sari kaya a kasuwar Kejetia ya sauka. Da tsohuwar nan ta ce in rantse nawa ya rage, da ban iya ba. Daren ranar na baza littafin a tsakar ɗaki, ina bin saƙonnin waya ɗaya bayan ɗaya har aka yi kiran assalatu, na tarar akwai sidi ɗari da wani abu da ban san gidansu ba. Na cika daga aljihuna. Amma ruwa ya riga ya zube. Da aka koma hutu, ko rabin iyaye ba su biya ba, kuma wata ƙawata ta tsegunta mini cewa a gidan suna an ce ma'aji ta ƙara jari.

Na ji zafin maganar, na kwana biyu ina fushi. Daga baya na ga ban da hujjar fushi. Mutumin da ka hana shi gani, ka ba shi izinin zato.

Abin da muka gyara ba wani abin wahala ba ne. Muka buɗe asusu da sunan ƙungiya, kuɗi ba sa fita sai mutum biyu cikin uku sun sa hannu. Muka sayi littafin rasit mai kwafi. Kafinta ko birkila da bai iya rubutu ba ya dangwala yatsa, shaida ya sa hannu a gefe. Kuɗin da aka karɓa don rufi, rufi za a yi da shi, ko da kuwa Awa De za a yi a tsaye cikin rana. Sannan muka ce taron ƙarshen shekara da lissafi zai fara. Wannan na ƙarshen shi ya jawo rigima, kuma dalilan waɗanda suka ƙi ba na banza ba ne, don haka zan ba su haƙƙinsu.

Na farko, girma. A zango ba a tambayar Alhaji rasit. Mutumin da ya ɗaura auren uwarka, ya raɗa maka suna, ya yi wa ubanka salla, yaya za ka miƙe cikin mutane ka ce ya kawo takarda? Wasu suka ce wannan tarbiyyar Nasara ce. Ni kuwa na ce aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, ƙarami ne ko babba, da kafa shaidu. Ba don ana zargin Sahabbai aka saukar da ita ba. Kuma mu daina yi kamar lissafi baƙo ne a wajenmu. Mai susu, wato mai karɓar ajiyar kuɗin 'yan kasuwa, yana zagaya kasuwa kullum da kati, duk abin da ka ba shi sai ya yi alama a gabanka. Uwar adashi ta san ranar kwasar kowa. A gidan biki, akwai wadda ke zaune gefen uwar amarya da littafi tana rubuta wadda ta kawo turmin zane da wadda ta kawo sidi hamsin, don ranar ramuwa. Mun iya rubuta kuɗin biki har fesuwa, wato kwabon Gana, sai kuɗin makarantar 'ya'yanmu ne rubuta shi zai zama rashin kunya? Rasit ba ya rage wa dattijo girma. Shi ne ma ke kare rawaninsa daga bakin 'yan tsegumi, kuma na faɗi haka ne a matsayin wadda aka ci namanta a gidan suna.

Na biyu, wani ɗan kwamiti ya ce, "Hajiya, mu fa fisabilillahi muke yi. Ba a biyanmu, mu bar sana'armu mu zo, sannan a tsare mu kamar ɓarayi?" Na gane ciwonsa. Ni ma na sha rufe shago in tafi neman mai yashe masai. Amma aikin sa-kai bai mai da kuɗin mutane naka ba. Wanda ya gaji yana iya ajiye aikin, ba wanda zai ce ya yi laifi. Abin da ba zai yiwu ba shi ne ya riƙe jakar ya ce kada a leƙa.

Na uku shi ne wanda na yarda da shi. Hedimasta ya ce in aka karanto lissafi za a tona asirin waɗanda ba su biya ba. Gaskiyarsa. Akwai uwar da mijinta ya tafi Libiya shekara huɗu ba labari, akwai mai dakon kaya a kasuwa da ke ciyar da yara da abin da kanta ya ɗauko. Kiran sunan irin waɗannan a taro zalunci ne. Don haka ba ma kiran suna. Muna faɗin abin da kowane aji ya tara da adadin waɗanda suka biya, shi ke nan. Lissafin da nake nema na masu riƙe kuɗi ne, ba na masu rashinsa ba. Kuma duk makarantar da ta kori yaro gida saboda kuɗin PTA, ko ta hana shi takardar sakamako ranar hutu, ta ci amanar dalilin da ya sa aka kafa ƙungiyar. Yaro bai yi alkawarin komai ba.

Akwai kuma abin da ba a so a faɗa a fili, wato ɗan ihsanin da ake ba malaman da ke tsayawa da 'yan ajin ƙarshe bayan an tashi, suna shirya su don jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare. A da ana ɓoye shi ƙarƙashin "sauran ƙananan abubuwa". Ban ga abin ɓoyewa ba. Malamin da ya tsaya har la'asar da ɗanka ya ci a gode masa. A rubuta, a karanto, iyaye su yarda ko su ƙi. Da muka karanto namu, wata uwa ce ma ta ce a ƙara.

Sai maganar harshe, wadda a wajena ita ce rabin aikin. Zangonmu taron dangi ne: Hausawa, Dagomba, Mosi, Kotokoli, Zabarma, Wangara, Fulani, Frafra, ga 'yan ƙasa Asante da muke maƙwabtaka da su. Abin da ya haɗa yawancinmu Hausa ce, sai Tuwi. Amma da an zo maganar kuɗi sai a koma Turanci, a liƙa takarda a ƙofar ofis, a ce an sanar. An sanar da wa? Waɗanda ke cika bencinan taro mata ne, masu wake da shinkafa, masu tuwon zafi, masu kitso, kakanni. Su ke biya daga ribar tire. Maza kuwa su ke kan teburi, sauran sai ranar da aka ce ɗansu ya yi faɗa. Matar da ke iya lissafin ribar buhun wake a ka, ba ta kasa gane lissafin makaranta ba, an dai ƙi faɗa mata ne da bakin da take ji. Yanzu ina karantowa da Hausa, wata ta maimaita da Tuwi, sannan mu ɗauki murya mu tura a zauren WhatsApp don wadda ciniki ya hana ta zuwa. Mun kuma daina sa taro da hantsin ranar aiki. Lahadi bayan la'asar, yara sun dawo daga makarantar Arabiyya, tukunyar dare ba ta hau ba.

Lissafin ma ba na kuɗi kaɗai ba ne. Bana na roƙi hedimasta ya faɗa mana yara nawa suka shiga ajin farko na ƙaramar sakandare shekara uku da suka wuce, nawa kuma suka zauna jarrabawa. Da ya faɗa, sai iyaye suka fara ƙirga waɗanda suka zube da bakinsu: wannan an kai shi koyon kanikanci a Suame, wannan yana tuƙa aboboya, wato babur mai ƙafa uku na dakon kaya, wannan yarinyar an ce ta tafi wajen gwaggonta, kowa kuma ya san ma'anar hakan. Wannan hirar ta minti ashirin ta fi duk jawabin babban baƙo da na taɓa ji amfani.

Abu na ƙarshe da ke lalata ƙungiyoyinmu shi ne rashin sauka. Na san makarantar da ciyamanta autansa ya gama tun tuni, har ya yi aure, amma kujera na nan a hannunsa don ba mai iya cewa Baba ya huta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wanda ba shi da ɗa a aji ya bar ɗakin. A karrama shi, a sa shi cikin masu ba da shawara, a ba shi kujerar gaba ranar biki, amma makulli ya koma hannun wanda ɗansa ke zaune ƙarƙashin kwanon. Ƙarshen shekara shi ne lokacin wannan, ba farkon sabuwa ba. In aka bari sai Satumba, hutu ya cinye tunanin kowa, rasit sun ɓace, wanda aka ba ajiyar kujeru ya yi tafiya arewa. A miƙa littafi, da rasit, da sa hannun banki, da jerin basussuka da ayyukan da ba a gama ba, a gaban shaidu, ranar da aka karanto lissafi.

Alhajinmu, Allah ya ƙara masa lafiya, shi ya fara sauka bara da kansa, bayan ya yi ta gunaguni wata shida. Bana aka zo kaina. Na tsaya a barandar nan da littafina na karanto tun daga kuɗin alli har na mai yashe masai. Ana cikin haka aka tsuge da ruwa, kowa ya ɗaga kai yana duban rufin aji huɗu, bai ɗiga ba. Sai aka kira sunayen waɗanda suka yi aiki ba a biya su ba: kafintan da ya gyara benci goma sha ɗaya kyauta, da matar da ke share masai duk Asabar, da saurayin da ke tsallakar da yara titi da safe. Su aka fara zuba wa jalof, kafin babban baƙo.

Tsohuwa mai koko tana nan, jikanta babba ya gama bana. Da na rufe littafi ta ɗaga hannu, gabana ya faɗi.

"Hajiya, na ji na kwano, na ji na masai. Tagar aji biyu fa? Iska na bugun yaran nan."

Na ce, "Mma, kuɗi ba su kai ba. Tana shafin farko na bashin da na bar wa sabuwar ma'aji, ita da alawus ɗin watan Yuli na malamin Arabiyya ɗaya."

Ta ce to, ta kunce bakin zanenta ta ciro sidi goma, ta miƙa wa sabuwar ma'aji, ta tsaya a kanta har sai da aka yago mata rasit.